K. M. Mani na jihar Kerala: shekara 54 yana riƙe da mazaɓa ɗaya, amma bai taɓa shugabantar jiha ba

Lokacin da K. M. Mani ya fara cin zaɓe a garin Pala, watan Maris na 1965 kenan, Sardauna yana raye, Tafawa Ɓalewa yana kan kujerar firaminista a Legas. Ranar da ya rasu kuwa, 9 ga Afrilun 2019, Buhari ya riga ya ci zango na biyu. Duk abin da muka gani a tsakanin nan, juyin mulki da yaƙin basasa da jamhuriya ta biyu da zamanin Abacha da dawowar farar hula, shi mutumin nan yana nan daram, shi ne wakilin mazaɓa guda tal a majalisar dokokin jihar Kerala da ke can ƙuryar kudancin Indiya, an yi zaɓe sau 13 ya ci sau 13, bai sauya mazaɓa ba kuma ba a kayar da shi ba, ya karanta kasafin kuɗin jihar sau 13, ya yi minista ƙarƙashin manyan ministoci shida, amma har ya koma ga mahaliccinsa bai taɓa zama shugaban gwamnatin jihar ba. To wannan na ƙarshen shi ya fi ja min hankali, don a ganina abin da ya sa ya daɗe shi ne dai ya hana shi kaiwa ƙoli.

Sai an fara gyara wani abu tukuna, don in muka ɗauki tsarinmu muka ɗora wa Indiya ba za mu gane komai ba. A can gwamnan jiha ba zaɓarsa ake ba, shugaban ƙasa ke naɗa shi, kuma yawancin aikinsa sa hannu ne da rantsar da mutane. Mai iko na gaskiya shi ne Babban Minista, wanda ke fitowa daga cikin 'yan majalisar jiha, wato duk wanda ya iya tara rinjaye a zauren shi ke kafa gwamnati. Waɗanda mu muke kira kwamishinoni su ministoci suke ce musu, kuma dole minista ya zama ɗan majalisa, in ba ɗan majalisa ba ne yana da wata shida ya nemo kujera ko ya sauka. Babu zancen zango biyu, in mutanenka na sonka ka yi ta dawowa har tsufa. Majalisar Kerala kujeru 140 gare ta, kenan mai 71 shi ke da gwamnati, kuma ranar da wasu suka janye ƙafa aka koma 69 to gwamnati ta faɗi, ko da wata uku ne da rantsar da ita. Ku riƙe wannan lissafin don duk rayuwar Mani a kansa take.

Ita Kerala ɗin ma ba baƙuwa ba ce gare mu sosai. Da yawa cikin iyayenmu da yayyenmu malaman Indiya ne suka koya musu lissafi da kimiyya a sakandare a shekarun 1970 da 1980, kuma kaso mai tsoka na malaman nan daga Kerala suka fito, haka wanda ya je Saudiyya ko Dubai da wuya bai yi ciniki da ɗan Kerala a kanti ko ya haɗu da nas 'yar can a asibiti ba. Jiha ce mai mutum wajen miliyan 33 a ƙidayar 2011, mabiya Hindu kusan kashi 55 cikin ɗari, Musulmi kusan 27, Kirista sama da 18 kaɗan. Babu wata al'umma da za ta iya cin zaɓe ita kaɗai, su kansu Hindun a rabe suke, akwai Nair akwai Ezhava kowa da ƙungiyarsa da jagororinsa.

An haifi Mani ranar 30 ga Janairun 1933 a ƙauyen Marangattupilly cikin gundumar Kottayam, gidan manoma ne Kiristoci 'yan Katolika na cocin Syro-Malabar, irin tsofaffin Kiristocin Indiya da ke danganta asalinsu da Toma almajirin Annabi Isa. Ya karanta lauya a Madras, ya dawo gida ya shiga jam'iyyar Congress, wadda ke mulkin Indiya a lokacin, har ya zama sakatarenta na gunduma. Yankin nasu yankin roba ne, hedikwatar hukumar roba ta Indiya gaba ɗaya a Kottayam take, kuma mafi yawan robar da ƙasar ke samarwa daga Kerala take fitowa. Wanda bai san noman roba ba zai yi wuya ya gane siyasar wurin. Itace ne da za ka shuka ka jira wajen shekara bakwai kafin ka fara tsaga shi, kullum da asuba ana bi ana yanka ɓawon ruwan na ɗiga cikin ɗan kofi, a daskarar a matse a shanya a kai kasuwa. Wanda ya zuba shekara bakwai a gona ba ya iya cewa bana farashi ya faɗi bari in koma masara, ya ɗaure kansa kenan, don haka idonsa kullum na kan gwamnati, nawa ne harajin shigo da roba daga waje, wa zai ba shi takardar mallakar filin da ya sare a kan tudu, wa zai kawo hanya da wuta. Kuma yawancinsu ƙananan manoma ne masu 'yar eka ɗaya zuwa biyar, sun fi ƙarfin a kira su talakawa tuburan amma ba su kai masu kuɗi ba.

Waɗannan mutane sun tsorata ƙwarai a 1957 da 'yan gurguzu suka ci zaɓe ƙarƙashin E. M. S. Namboodiripad, suka kawo dokar raba filaye da dokar da za ta sa gwamnati ta sa hannu a makarantun da coci ke gudanarwa. Coci da ƙungiyar Nair da jam'iyyar Musulmi ta Muslim League suka haɗa kai da Congress aka yi ta zanga-zanga har gwamnatin tarayya ta rushe gwamnatin jihar a 1959. Gwarzon Kiristocin yankin a lokacin P. T. Chacko ne, ministan cikin gida a gwamnatin R. Sankar na Congress, sai wata badaƙala ta taso aka matsa masa ya sauka a farkon 1964, bayan 'yan watanni zuciyarsa ta buga ya mutu. Magoya bayansa suka ɗauka cin amana aka yi masa, 'yan majalisa 15 suka juya wa Sankar baya gwamnati ta faɗi, a watan Oktoban 1964 suka kafa sabuwar jam'iyya mai suna Kerala Congress ƙarƙashin K. M. George. Mani ba ya cikin waɗanda suka kafa ta, daga baya kaɗan ya shigo, kuma matarsa Kuttiyamma 'yar'uwar marigayi Chacko ce. Da aka yanka sabuwar mazaɓar Pala aka ba shi tikiti yana ɗan shekara 32, ya ci, sai dai majalisar 1965 ba ta ma zauna ba saboda babu wanda ya samu rinjaye, aka rushe ta ba a rantsar da kowa ba.

Kar a ɗauka kuma tun farko kujerar a aljihunsa take. A 1970 da ƙuri'a 364 kacal ya tsira a hannun M. M. Jacob na Congress. Da ɗari biyu cikin mutanen nan sun sauya ra'ayi da safiyar ranar da babu wannan labarin da muke yi.

Minista ya fara zama a Disamban 1975, lokacin dokar ta-ɓacin Indira Gandhi, aka ba shi ma'aikatar kuɗi a gwamnatin C. Achutha Menon, wanda shi kansa ɗan gurguzu ne na CPI, ƙaramar cikin manyan jam'iyyun gurguzu biyu na jihar. Kun ga tun daga nan jam'iyyar da aka gina kan tsoron gurguzu ta fara zama teburi ɗaya da su. A 1977 ya zama ministan cikin gida, sai babbar kotun jiha ta soke zaɓensa kan ƙarar da aka kai cewa wani babban ɗan sanda ya yi masa kamfe a wani taro a gidan bishop na Pala, ya sauka, abokinsa P. J. Joseph ya riƙe kujerar, da kotun ƙoli ta wanke shi a 1978 Joseph ya tashi ya mayar masa da abinsa. Shekara guda bayan wannan halaccin suka raba gari, Mani ya kafa Kerala Congress (M), harafin M ɗin sunansa ne. A 1980 ya shiga gwamnatin E. K. Nayanar na babbar jam'iyyar gurguzu CPI(M) a matsayin ministan kuɗi, a Oktoban 1981 shi da ɓangaren Congress da ya ɓalle ƙarƙashin A. K. Antony suka janye gwamnatin ta kife, daga nan ya koma ƙawancen Congress ya zauna a ciki shekaru sama da talatin.

Daga 1982 siyasar Kerala ta daskare gida biyu, ƙawancen LDF da 'yan gurguzu ke ja, da ƙawancen UDF da Congress ke ja, kuma kowane zaɓe sai mutane su sauke wanda ke kai su ɗora ɗayan, haka aka yi ta yi ba fashi har sai 2021 da Pinarayi Vijayan na LDF ya sake cin zaɓe ya karya al'adar. Tazarar ƙuri'a tsakanin gidajen biyu sau da yawa 'yar kaɗan ce. To a irin wannan yanayi ne ƙaramar jam'iyya ke zama ɗan hakin da ka raina. Congress ba ta iya cin arewacin jihar sai da Muslim League, wadda cibiyarta ke Malappuram, ba ta iya cin tsakiyar jihar sai da Mani. Dubi zaɓen 2011 ka ga abin a fili, UDF kujera 72, LDF 68, cikin 72 ɗin Congress na da 38, Muslim League 20, Mani na da 9. Mutum tara kacal cikin 140, amma in ya ɗauke su ya tsallaka, Oommen Chandy na Congress ya daina zama Babban Minista a ranar. Wanda ke da irin wannan matsayi ba ya roƙon ma'aikata, zaɓa yake, kuma kusan kullum ma'aikatar kuɗi ko ta filaye da haraji yake ɗauka ya haɗa da ta shari'a, wato daidai wuraren da manomin roba ke da buƙata.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne yadda jam'iyyar ke ta tsagewa amma ba ta mutuwa. R. Balakrishna Pillai ya ware da nasa ɓangaren, Joseph ya ware ya dawo a 1985 ya sake warewa a 1987 ya sake dawowa a 2010, T. M. Jacob ya fita a 1993, P. C. Thomas ɗan marigayi Chacko ya fita a 2003, P. C. George ya shigo ya fita, da yawansu in sun tafi sai su maƙala harafin sunansu a bayan Kerala Congress. Mani da kansa ya yi wata magana da ta zama karin magana a can, cewa jam'iyyarsu tana girma tana tsagewa, tana tsagewa tana girma. Kuma akwai gaskiya a ciki ta fuskar lissafi, don in jam'iyya ɗaya ce minista biyu za a ba ta a gwamnati ɗaya, in kuwa ta rabu uku wani ɓangare na UDF wani na LDF, to sau da yawa duk wanda ya ci zaɓe akan samu ɗan Kerala Congress a majalisar ministoci, da wuya manomin roba ya rasa mai magana da yawunsa. Dokar hana sauya sheƙa ta 1985 ma ba ta dame su ba sosai, don ta bar ƙofa cewa in kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar jam'iyya suka ware tare ba za su rasa kujerunsu ba, a jam'iyya mai mutum tara kuwa mutum uku kenan, sai a 2003 aka toshe wannan ƙofar.

Amma fa lissafin ƙawance kaɗai ba zai sa mutanen gari ɗaya su zaɓe ka sau 13 ba. Akwai abin da suka gani a ƙasa. Pala ƙaramin gari ne a bakin kogin Meenachil, amma hanyoyinsa da gadojinsa da ofisoshin gwamnati da asibiti da makarantu sun fi na garuruwan da suka ninka shi girma, har 'yan adawa na cewa kasafin kuɗin Kerala na Pala ne sauran jiha a samu ragowa. Kowa Mani Sir yake ce masa, har abokan hamayya, kullum cikin farar riga doguwa a goge, ya san gidaje ya san iyaye da kakanni, ba ya wuce biki ba ya wuce jana'iza, kuma an sha ruwaito shi yana cewa Kuttiyamma ce uwargidansa Pala ce amarya. Irin wannan siyasar mun san ta, ta gaisuwar mutuwa da zuwa ɗaurin aure, bambancin kawai shi ya haɗa ta da riƙe baitulmali na shekaru.

Abubuwa uku da ya yi sun sa ni ina ganin girmansa ko da me za a ce. A kasafin 1980 aka fara biyan fansho ga tsofaffin 'yan ƙwadagon gona, rupi 45 a wata ga wanda ya haura shekara 60, kuɗin ba yawa amma ku tuna waɗannan mutane ne da ba su taɓa aikin gwamnati ba, ba su da gona tasu, sun ƙare ƙarfinsu a gonar wasu, kuma a wancan zamanin tunanin cewa irinsu na da haƙƙi a baitulmali sabon abu ne. Har yau 'yan gurguzu na cewa aikin gwamnatinsu ne, mutanen Mani na cewa shi ya karanta shi a kasafi, ni dai a wurina duka biyun sun yi gaskiya kuma tsohon da ya karɓa bai damu da wannan gardamar ba. Sai takardun mallakar fili da ya yi ta rabawa lokacin yana ministan filaye ga manoman da suka yi ƙaura zuwa tsaunukan Idukki da arewacin jihar suka sare daji suka zauna shekaru ba takarda, ko da yake masu kare daji na ganin wannan ya ƙara wa mutane ƙwarin gwiwar cin gandun gwamnati, kuma ba za a ce ƙorafinsu banza ba ne a jihar da zaftarewar ƙasa ke kashe mutane lokacin damina. Na ukun shi ne asusun Karunya da ya kawo bayan zaɓen 2011, wanda a lokacin yake biya wa marasa ƙarfi kuɗin maganin cutar kansa da ciwon zuciya da ƙoda har rupi dubu 200. Inda na ke jin nauyi a raina shi ne tushen kuɗin, don daga cacar tikiti ta gwamnati ake samo su, Kerala ce jihar da ta fara wannan caca a Indiya tun 1967, kuma masu sayen tikitin yawancinsu talakawa ne, kenan talaka ne ke biya wa talaka magani da kuɗin da ya zubar yana mafarkin arziki. Duk da haka wanda ya taɓa tsayawa a bakin ɗakin wankin ƙoda yana lissafin abin da zai sayar gobe ya san me wannan asusu ke nufi ga iyali.

Ta ɗaya gefen kuma, mutum ya karanta kasafi sau 13 dole a tambaye shi halin da baitulmalin ke ciki. Kerala ta yi fice a ilimi da lafiya, wannan ba gardama, amma ta daɗe tana fama da giɓi, albashi da fansho da kuɗin ruwan bashi ke cinye mafi yawan abin da ke shigowa, harajin giya da caca na cikin manyan hanyoyin samun kuɗinta, masana'antu ba su da yawa, matasa masu digiri sai sun fita ƙasashen Larabawa na Gulf ko Turai kafin su samu aiki. Ba shi kaɗai ya jawo wannan ba, amma ba za a cire hannunsa ba, don gwanintarsa ta rabo ce, a ba wannan al'umma kaza a ba waccan kaza kowa ya yi shiru, ban ga inda ya yi amfani da dogon zamansa ya taɓa tushen matsalar ba.

To me ya hana shi zama Babban Minista? Abin da ya ba shi ƙarfi ne dai. Kowa ya san shi a matsayin jagoran Kiristocin tsakiyar jiha kuma mutumin manoman roba, ya yi ƙoƙarin faɗaɗa wannan da wata aƙida da ya kira ta masu cin guminsu, inda ya ce ƙaramin manomi mai gonarsa da ɗan ƙwadago duk jirgi ɗaya ya ɗauko su, bai kamata a sa su gaba da juna kamar yadda gurguzu ke yi ba, amma a akwatin zaɓe jam'iyyarsa ba ta taɓa fita daga 'yan gundumomin nan ba. Shugaban ƙaramar jam'iyya na samun kujerar ne kawai in manya sun rikice, kamar yadda C. H. Mohammed Koya na Muslim League ya samu a 1979, shi ne Musulmi ɗaya tilo da ya taɓa shugabantar Kerala, kuma ko wata biyu bai cika ba. Congress na da nata Kiristocin da suka fi shi faɗin karɓuwa, Antony da Chandy, shi Chandy ma daga gundumar Kottayam ɗin yake, ya riƙe mazaɓar Puthuppally tun 1970 har ya rasu a 2023, shi ne ma ya zarce Mani a yawan kwanaki a majalisa. A 2014 aka fara raɗe-raɗi mai ƙarfi cewa Mani zai tsallaka LDF su ba shi shugabanci, kuma a daidai wannan lokacin ne bala'in ya faɗo masa.

Gwamnatin UDF ta ƙi sabunta lasisin mashaya 418 a shekarar, daga baya ta ce otal masu tauraro biyar ne kaɗai za su sayar da giya. A ƙarshen Oktoban 2014 wani jigo a ƙungiyar masu mashaya, Biju Ramesh, ya fito talabijin ya ce sun ba Mani cin hancin rupi miliyan 10 don a buɗe musu. Mani ya musanta har ƙarshen rayuwarsa, mutanensa kuma suka ce maƙarƙashiya ce daga cikin gida don a datse masa hanyar tsallakawa. 'Yan adawa suka rantse ba zai karanta kasafin 2015 ba, suka kwana a cikin majalisa, shi ma ya kwana a harabar, da safiyar 13 ga Maris aka ga abin da ba a taɓa gani ba a zauren, 'yan majalisar LDF suka hau dandamalin kakaki suka wurgo kujerarsa ƙasa suka farfasa kwamfuta da makirufo, ana ta kokawa maza da mata, shi kuma dattijo ɗan shekara 82 ya shigo ta wata ƙofa jami'an tsaron majalisa sun kewaye shi, ya karanta 'yan layuka cikin hayaniya ya ce ya gabatar, mutanensa suka shiga rabon alawar laddu a cikin zauren. A cikin wannan kasafin ne fa aka sa tallafin da ya tabbatar wa ƙaramin manomi rupi 150 kan kowane kilo na roba, bayan farashin da ya haura 200 a 2011 ya rufto ƙasa, amma ba wanda ya saurari wannan a ranar.

Ni a nan na ke ganin ya yi kuskure, kuma ina faɗa ne da baƙin ciki. Shi ne ministan kuɗi kuma shi ne ministan shari'a, hukumar da ke bincikensa ƙarƙashin gwamnatin da numfashinta ke hannunsa take, ta yaya talaka zai yarda da sakamakon irin wannan bincike ko da gaskiya ne? A 1977 da kotu ta taɓa shi ai sauka ya yi ya je ya wanke kansa ya dawo da mutuncinsa. A 2015 ya ƙi, ya yi ta jan ƙafa shekara guda, sai da alƙalin babbar kotu ya yi masa tuni da maganar nan cewa matar Kaisar bai kamata ko zargi ya taɓa ta ba, sannan ya ajiye aiki ranar 10 ga Nuwamba, ya kuma rasa shugabancin kwamitin ministocin kuɗi na jihohin Indiya da ke tsara harajin kayayyaki da ayyuka na GST, wanda a shekarar aka ba shi. Dole kuma a faɗi ɗaya ɓangaren don adalci, masu bincike sun kai rahoto fiye da sau ɗaya cewa ba su samu hujjar gurfanar da shi ba, kotu ta ƙi karɓa ta ce a ƙara dubawa, har ya rasu ba a taɓa samunsa da laifi ba, shari'ar ta mutu tare da shi.

Mutanen Pala dai ba su sake shi ba. A 2016 guguwa ta kwashe UDF, LDF ta samu kujera 91, amma shi ya tsira da ratar ƙuri'a 4,703. Bayan 'yan watanni ya fice daga UDF cikin fushi yana ganin Congress ce ta soke shi ta baya, ya zauna shi kaɗai kusan shekara biyu, sai a Yunin 2018 ya dawo, kuma farashin dawowar shi ne Congress ta sadaukar da kujerarta ta majalisar dattawan tarayya aka ba ɗansa Jose K. Mani. Wannan ma wani tabo ne, don da yawa cikin waɗanda suka bar shi tun daga P. C. Thomas ƙorafinsu ɗaya ne, cewa dattijo na share wa ɗansa hanya, jam'iyyar manoma ta koma gadon gida.

Da ya rasu a asibiti a Kochi yana da shekara 86, motar da ta ɗauko gawarsa ta kusa kwana guda a hanya kafin ta isa Pala saboda cincirindon mutane a kowane gari, tafiyar da a ka'ida ba ta wuce awa biyu ba. Aka binne shi a babbar cocin St. Thomas ta garin.

Wata biyar bayan haka aka yi zaɓen cike gurbi. Jose da P. J. Joseph suna ta rigimar wa zai gaji jam'iyya, Joseph ya hana ɗan takarar ɓangaren Jose amfani da alamar ganye biyu da mutanen Pala suka saba dangwala wa shekara da shekaru, dole ya tsaya da alamar abarba, sai Mani C. Kappan, mutumin da marigayin ya kayar sau uku a jere a 2006 da 2011 da 2016, ya ci da ratar 2,943. A Oktoban 2020 Jose ya ɗauki jam'iyyar ubansa ya shiga LDF, wato wurin mutanen da suka wurgar da kujerar kakaki don kar uban ya yi magana. A 2021 ya tsaya da kansa a Pala, ƙawancensa ya lashe jihar, jam'iyyarsa ta samu kujera biyar da minista ɗaya, amma shi ya sha kaye a garin ubansa da ratar sama da dubu 15, a hannun Kappan ɗin dai, wanda shi kuma a lokacin ya riga ya koma UDF. A Yulin shekarar gwamnatin LDF ta je kotun ƙoli tana neman a janye ƙarar da ake yi wa 'yan majalisarta shida kan ɓarnar 13 ga Maris, ɗaya daga cikinsu V. Sivankutty yana ministan ilimi a lokacin, kotun ta ƙi, ta ce kariyar da ɗan majalisa ke da ita ba ta haɗa da fasa kayan jama'a ba, su je su fuskanci shari'a.